Ranar da Jirgina Ya Ɗaura Zanen Zumunta

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa matan majami'armu ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga kasuwar Kafanchan sai na ji wata ta ɗaga murya daga bayan tulin doya: "Baba Zumunta, ina kwana!" Ni kuwa sai in amsa. Me zan yi? Suna ya riga ya manne. Bari in gaya muku inda na samo shi.

Da farko dai, in kun ji an ce muna da ƙungiyar tuƙa jirgin ruwa a nan wajen Madakiya, kada ku yi dariya. (To, ku yi. Mu ma mun yi.) Wani ɗan garinmu ne, Yohanna, ya yi aikin sojan ruwa a kudu, ya yi ritaya ya dawo gida, ya ce shi fa ba zai iya zama ba tare da ganin ruwa ba. Kyaftin muke ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa tambayar ko ya kai wannan muƙamin. Akwai wani dam a bayan ƙauyenmu da masu lambu suke ban ruwa da shi. Sai Kyaftin ya sa kafinta ya ƙera masa ƙananan jirage uku na katako, ya kafa wa kowanne doguwar gora a tsakiya, ya ɗaura mata tamfol. In iska ta cika tamfol ɗin, sai ka ga jirgi yana tafiya da kansa, ba inji, ba fetur. Ranar da na fara ganin haka na ce a raina, wannan ai aikin malalata ne, ya dace da ni.

'Yan ƙungiyar duk tsofaffi ne masu ritaya: malaman makaranta, wani tsohon nas, wani da ya yi aiki a sakatariya. Sai ni. Ni aji biyu na yi a firamare, na biyun ma saboda mangwaron makaranta na zauna. Aikin gadin sito na yi a reluwe har na tsufa. Amma abin da na rasa a karatu Allah ya cika mini a baki. In ana hira a bakin dam, ba wanda ya kai ni sanin ruwa, ni da ko wanka a rafi sai na riƙe ciyawa.

Da damina ba ma shiga ruwa. Hadari yana da yawa, dam ya cika ya yi ja, iska ba ta da alƙawari. Sai mu jawo jiragen mu kife su a ƙarƙashin rumfa, a kwance tamfol a naɗe, tamfol ɗin kowane jirgi a ba mutum ɗaya ya ajiye a gida. Da aka zo rabon ajiya a waccan shekarar, sai na miƙe na buga ƙirji.

"Kyaftin, ni fa sito na tsare a reluwe. Ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Ɓera ma in ya gan ni gaisuwa yake yi ya wuce."

Kyaftin ya ce, "To Baba, ga na jirgin tsakiya. Kuma ka sani, wanda ya ajiye tamfol shi zai tuƙa jirgin ranar buɗe ruwa. Jirgin tsakiya kuma shi ne zai ɗauki Fasto."

Al'adarmu ke nan. In ruwan sama ya ɗauke, kafin a fara wasa, sai mu gayyaci Fasto ya shiga jirgi a kai shi tsakiyar dam ya yi addu'a, 'yan zumuntar mata suna waƙa a bakin ruwa, bayan haka a ci gwaten acca a sha kunu. Ni kuwa tun da na shiga ƙungiyar nake mafarkin ranar da za a ce ni ne direban Fasto.

Na kawo tamfol gida, na rasa inda zan sa shi, sai na cusa shi a saman buhunan gyaɗa a ɗakin ajiya. Ku lura da kyau: saman buhunan gyaɗa. Tsohon mai gadin sito ke nan.

Damina ta wuce, muka fara shiri. Wannan lokacin na fi so a shekara. Mu fito da jiragen, mu kankare tsohon fenti, mu toshe ramuka da tsumma da kwalta, mu sauya igiyoyin da suka ruɓe, mu share ciyawar bakin ruwa. Tsofaffi da gajerun wanduna, kowa kwalta har gwiwar hannu, ana musu a kan launin fenti kamar za a yi wa amarya ɗaki. Kyaftin yana yawo da usur a wuya yana duba rigunan ruwa masu hana nutsewa ɗaya bayan ɗaya. Ni aikina ba da shawara. Na ba da ita sosai.

Sai Kyaftin ya ce kowa ya je ya duba tamfol ɗinsa, ranar Asabar za a buɗe ruwa. Na koma gida ina fito, na jawo nawa na baza a tsakar gida. Jama'a, ɓerayen nan ba gaisuwa suka yi suka wuce ba. Zama suka yi. Sun ci gyaɗa, sun ƙoshi, sun yi ɗaki da falo a cikin tamfol ɗin, har da haihuwa. Ramin da suka yi a tsakiya, akuya za ta wuce ba ta sunkuya ba.

Mai hankali da sai ya tafi wurin Kyaftin ya ce ga abin da ya faru. Amma na tuna ƙirjin da na buga. Na tuna kuma in aka ji, jirgin Fasto ya fita hannuna, malaman makarantar nan za su yi ta dariya da Turanci har Kirsimeti. Sai na ce zan yi faci da kaina, ba wanda zai sani.

Na gwada buhun citta, iska tana wucewa ta cikinsa. Na gwada leda, ta yage. Ana bukatar yadi mai ƙarfi. Su wa ke da yadi mai ƙarfi a gida? Mata.

Matata Saratu, Maman Dogara, ta tafi koyon waƙa a majami'a. A nan dole in yi muku bayani. Mako na gaba akwai babban taron zumuntar mata na gunduma a Samaru Kataf, kuma karo na farko a rayuwarta an zaɓe ta ita za ta ba da waƙa, saura su amsa. Wata da watanni tana gwada murya a kicin, har kajinmu sun iya amshi. Na san da wannan. Na kuma san an kawo musu sabon yunifom na taron. Abin da ban sani ba shi ne yadda mata suke jera akwati.

Na buɗe akwatinta, na ga zanen zumunta shuɗi a sama. Na tona ƙasa, na ga wani shuɗin a can ƙarshe, a naɗe cikin leda, yana warin kafur. Sai na yi lissafi irin na sito: kayan da ake amfani da su suna bakin ƙofa, waɗanda aka gama da su suna can ƙurya. Ke nan na sama sabo ne, na ƙasa tsoho. Akwai rubutu a jikinsu da zai gaya mini gaskiya, amma ni da rubutu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na dai lura na ƙasan yana da hoton kurciya, na saman babu. Na ce a raina, wato sun daina yayin kurciya.

Na sa almakashi. Na yanko fiye da rabi, na mayar da saura cikin leda, na danna shi ƙasan akwati. Na ɗauki basillar ɗinkin buhu da zaren buhu, na zauna a bayan ɗaki na ɗinke ramin tsaf. Na ma yi dabara, na juya bayan zanen waje don kada hoto ya fito sosai. Na ja, na ga ya yi ƙarfi. Na naɗe abina na yaba wa kaina.

Da yamma Maman Dogara tana zuba mini tuwo ta ce, "Baban Dogara, yau ka yi shiru. Lafiya?"

Na ce, "Ina tunanin iska ne."

Ta ce, "Allah ya sawwaƙe."

Ranar Asabar gari ya yi kyau. Rana ta fito, ruwa ya kwanta, iska tana kaɗawa daidai. Mutane sun cika bakin dam, har masu lambu sun bar aiki. 'Yan zumunta sun jeru da tulunan kiɗa da caki, duk sun ɗaura yunifom. Na duba da kyau: shuɗi, babu kurciya. Na ce madalla, ga sabon nan a jikinsu, lissafina daidai.

Na isa da tamfol ɗina a naɗe na ɗaura a gora da kaina. Kyaftin ya zo zai taya ni warwarewa, na ce, "A'a, Kyaftin, sai mun shiga ruwa. Ni haka na saba." Ya dube ni, domin ya san ban saba da komai ba, amma ya ƙyale ni.

Fasto ya shigo, matashi ne ɗan siriri, ya sa rigar ruwa a kan kwalarsa, ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu.

"Baba, ka tabbata ka iya?"

"Fasto, kai dai ka riƙe addu'a, ni in riƙe sitiyari." (Katakon juya jirgi da ke baya muke ce wa haka.)

Muka tura jiragen da sanda muka ɗan yi nisa. Mata suka ɗauki waƙa, Maman Dogara ce a gaba tana bayarwa, muryarta tana tafiya a kan ruwa kamar ba ita ce take yi mini faɗa a kan gishiri ba. Kyaftin ya busa usur. Kowa ya ja igiya. Na dama ya buɗe, fari. Na hagu ya buɗe, fari. Na ja nawa.

Wani abu da ban yi lissafinsa ba shi ne rana. Tana bayana. Atamfa kuma in rana ta bugo ta baya, ba ta da ciki ba ta da waje. Iska ta cika tamfol, facin nan ya kumbura ya haskaka kamar tagar majami'a: shuɗi shar, ga kurciya ta baza fukafukai, ga gicciye, ga rubutu. Ina jin ko daga titin Zangon Kataf za a iya karantawa.

Waƙa ba ta tsaya gaba ɗaya ba. Caki ne ya fara yin shiru. Sai tulu ɗaya, sai na biyu. Masu amshi suka riƙa zubewa ɗaya ɗaya, har ya rage muryar matata kaɗai, domin ta rufe ido tana cikin ruhu. Da ta ji ba a amsa ba sai ta buɗe ido. Ta bi inda kowa yake kallo.

Ban taɓa sanin mutum zai iya jin kallo daga nesa haka ba.

Na ce bari in juya jirgi su riƙa ganin gefe kawai. Na tura sitiyari dama, jirgi ya yi hagu. (Kyaftin ya sha gaya mana haka abin yake, ni kuwa lokacin ina ba da shawara.) Na ja wata igiya, sandar ƙasan tamfol ta zagayo ta ɗauke mini hula ta ba ruwa. Iska ta samu abin da take so, ta ɗauke mu a guje. Ina? Kai tsaye wurin matan.

"Baba, ba tsakiya za mu ba?"

"Fasto, ka fara addu'ar a nan."

Kyaftin yana ta busa usur yana ihu, "Saki igiya! Saki igiya!" Ni kuwa na ƙanƙame ta kamar ita ce za ta cece ni. Muka shiga ciyawa, jirgi ya kafe a laka daidai gaban 'yan zumunta, kurciya tana kaɗawa a saman kawunansu.

Sai a lokacin Fasto ya ɗaga kai ya ga abin da ke sama. Bawan Allah, zuciyarsa fara ce. Fuskarsa ta washe, ya miƙe yana tangaɗi ya ɗaga hannu.

"Ikilisiya, ku duba! Mamanmu ta ba da zanenta domin wannan aiki, Baba kuma ya ɗaga shi sama don girmama iyayenmu mata. A tafa musu!"

Maza suka fara tafi. Ga ƙofa ta buɗe mini. Me kuke tsammani na yi? Na gyaɗa kai a hankali, na sa hannu a ƙirji, irin na mutumin da ba ya son yabo.

Maman Dogara ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Fasto, ban ba da ba."

Tafi ya mutu.

Mama Rifkatu, shugabar zumunta, wata doguwar dattijuwa da ko dattawan majami'a suke shakka, ta tako har bakin ruwa ta riƙe ƙugu.

"Baban Dogara, ka san wannan wane zane ne?"

"Tsohon ne, Mama. Na ƙasan akwati."

Wata daga baya ta ce, "Wayyo Yesu, na ƙasan akwati!"

Mama Rifkatu ta ce, "Wanda muke ɗaure da shi yanzu shi ne tsoho. Wancan sabo ne. Duk gunduma mun yi alƙawari ba macen da za ta ɗaura shi sai ranar taro. Ni kaina ban ɗaura nawa ba. Yau ga jirgi ya riga mu." Ta ƙara matsowa. "Kuma me ya kai zane kan gora?"

Na duba Kyaftin da ya iso da nasa jirgin. Na duba malaman makaranta. Na ce a hankali, "Ɓera."

"Ba mu ji ba."

"Ɓera ya ci tamfol!"

Tsohon nas ya ce, "Wanda yake gaishe ka?"

A nan na yanke shawarar tafiya gida. Na yi tsalle daga jirgi da niyyar in bi ta cikin ciyawa in ɓace. Ashe lakar wurin ba ta da ƙasa. Na nutse har cinya. Na ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙara shiga. Maza suna cikin jirage, waɗanda suke kusa su ne matan. Suka miƙo mini gora, wajen mata shida suka kama, Mama Rifkatu tana ba da umarni. Suka ja, suka ja, na fito fit kamar an cire rogo. Ni na fito. Wandona bai fito ba.

Ba zan yi dogon bayani a nan ba. Rigar ruwa ba ta da tsawo, shi ke nan abin da zan ce.

Mata suka juya baya suna ihu, wasu sun zauna a ƙasa don dariya, Fasto ya rufe ido ya fara addu'ar da aka gayyace shi yi. Mama Rifkatu ta kwance zanenta na sama ta jefo mini ba tare da ta waiwayo ba. Na ɗaura. Haka na tsaya a gaban gari, laka har kunne, ba hula, sanye da yunifom ɗin zumuntar mata.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, tun da ka ɗaura, ka zama memba. Miting ranar Talata da yamma. Kada ka makara."

Kowa ya yi dariya, har Kyaftin usur ya faɗo daga bakinsa. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Na hango matata tana kallon kurciyar nan, sai dariyar da ta fara zuwa mini ta koma. Yunifom ɗin ba a sayar da shi a kasuwa, daidai yawan mata aka kawo. Kuma mai ba da waƙa ba ta tsayawa a gaba da tsohon zane.

Da muka koma gida ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ba ni ruwan wanka, ta ba ni abinci. Da na gama sai ta ajiye abu uku a gabana: facin da Kyaftin ya farke ya aiko, ragowar zanen daga akwati, da basillata.

Na ce, "Maman Dogara, bari in kai wa tela a Kafanchan, zai haɗa ba wanda zai gane."

Ta ce, "Wa ya ce ina so kada a gane? Hannun da ya yanka shi zai ɗinka."

Na zauna a ƙofar gida, inda ta ce in zauna, masu wucewa suna yi mini sannu da aiki. Na ɗinka iyakar iyawata, amma hannun da ya saba da buhun citta ba ya ɓoyuwa. Ɗinkin ya fito ƙato, a karkace, kamar layin dogo ya bi ta kan kurciya.

Haka ta ɗaura shi ta tafi Samaru Kataf. Ni ma na je, domin sabon memba shi ke ɗaukar tulunan kiɗa. Ta tsaya a gaban mata cike da fili, ɗinkina a fili, ta ɗaga murya. Jama'a, ta ba da waƙa! Tun ina ɓoye fuska a bayan tulu har na samu kaina ina amshi. Da aka tashi mata suka kewaye ta suna taɓa ɗinkin suna tambaya, ita kuwa sai ta nuna ni da baki ta ce, "Ga telan can, ku tambaye shi." A hanyar dawowa ne ta yi dariyar da ta riƙe tun ranar Asabar, har sai da direban mota ya waiwayo.

Saura ramin tamfol. Tun da sabon yunifom ya fito, tsofaffin sun gama aiki, sai Mama Rifkatu ta sa mata suka tara su, suka ɗinka mana tamfol sukutum da keken ɗinki, ninki biyu, shuɗi tun daga sama har ƙasa. Kyaftin ya gwada ya ce ya fi na da kama iska. Sharaɗinsu ɗaya ne: duk Asabar jirgin tsakiya zai zaga da mata biyu biyu. Ni ne direba, Maman Dogara ce take riƙe igiya, domin ta ce an ga abin da nake yi da ita. Ajiyar damina kuwa an karɓe daga hannuna. Yanzu tamfol a akwatin Mama Rifkatu yake kwana, can ƙasa, da kafur.

Abin da na koya bai da yawa, daidai da karatuna. Akwatin mace ba sito ba ne, abin da ta fi so shi ne a ƙasa. Sannan in ka yi ɓarna kana so ka ɓoye, ka nemi rami ka binne. Kada ka ɗinka ta a kan gora, ka gayyaci Fasto, ka jira iska.